Darussan da Aka Cire a Gaban Suruki

A duk Batsari babu wanda ake yabo da ladabi kamar Malam Sagiru, malamin kemistiri. Ni kuwa tun abin da ya sami Ramlat, da na ji an soma yabonsa sai in tashi in ba su wuri.

Wata ƙungiya ce ta kawo darussan kemistiri na intanet, duk na bidiyo, don makarantun sakandaren da ba su da malamin fannin. A Batsari da Safana irin waɗannan makarantu su suka fi yawa. Sai dai an tsara darussan ne don yaran wata ƙasa, kuma sabis ɗinmu kowa ya san halinsa, sai ka hau tudu kana ɗaga waya sama kamar mai kakkaɓar mangwaro. Don haka aka kafa kwamiti ya duba manhajar jiha, ya zaɓi darussan da suka dace da ita, a zuba su cikin ƙananan kwamfutocin hannu a raba wa makarantu. Abin da aka zuba shi ke nan, babu ƙari sai wata shekara.

Aka ba Malam Badaru na Safana shugabanci, don ya fi kowa daɗewa a aiki. Ilimin noma ya koyar a zamaninsa, tsakaninsa da kemistiri sai gaisuwa daga nesa. Mutum ɗaya ne a kwamitin ya san fannin ciki da waje, shi ne Malam Sagiru. Shi kuma Asama'u yake aure, babbar 'yar Malam Badaru.

Ranar zama, tun daga bakin ƙofa Sagiru ya tuɓe takalmi, ya tsuguna ya kwashi gaisuwa, ya nemi kujerar can ƙurya ya rakuɓe. Aka kawo lemo da biskit bai taɓa ba, don ba a ci a gaban suruki. Akwai wani yaro Badaru a ajinsa, bai taɓa kiransa da sunansa ba, sai dai "mai sunan Baba". To wannan ne aka kawo ya yi gardama a kan manhaja.

Ana ta duba darussa lafiya lau, har aka iso babin sinadaran kabon, inda ake bayanin man fetur da sabulu da roba. Zane-zane masu kusurwa shida suka cika bango, ga sunaye dogaye. Malam Badaru ya gyara tabarau, ya ƙura musu ido, ya girgiza kai.

"Wanga ai karatun jami'a ne," in ji shi. "Mi yaranmu za su yi da shi? A cire, mu samu wuri. Ko akwai mai magana?"

Kowa ya juya ya dubi ƙurya. Sagiru ya san babin yana cikin manhaja, ya san babu shekarar da ba a cika jarrabawar fita da tambayoyinsa. Yana kallon yatsun ƙafarsa ya ce, "Yadda Baba ya gani."

Sauran suka ce ai tunda masanin ya yarda, su wa? Aka cire.

Abin takaicin, Ramlat, autar Malam Badaru, tana ajin ƙarshe a makarantar kwana ta 'yan mata, kuma makarantar tana cikin marasa malamin kemistiri. Aikin jinya take son karantawa, in babu kemistiri kuwa ko ƙofar ba za ta leƙa ba. Yarinya ce mai kai, ta sha alwashin a zama ɗaya za ta ci.

Kada a ce abin bai dami Sagiru ba. Ya dame shi, har tuwo ya rage. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya zaunar da matarsa, ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce ta ɗan taɓa wa Inna zancen. Asama'u ta je Safana ta ce wa uwarta, "Malam ya ce akwai ɗan abin da aka rage cikin aikin nan, amma ba wai kuskure ba ne." Inna ta bari maigida ya ci ya ƙoshi, sannan ta ce, "Mijin Asama'u na gaishe ka, ya ce ka rage wa yara wahala."

"Yaron kirki," in ji Malam Badaru. "Allah shi yi mashi albarka." Har ya aika masa da gyaɗa daga gonarsa ta Karare. Sagiru ya karɓa hannu biyu, ya yi godiya, ya ci kuwa.

A ajinsa na Batsari dai ya koyar da babin nan tsaf, da alli a kan allo, don nan babu surukin da zai gan shi. Da aka yi hutu Ramlat ta zo gidan yayarta da littattafanta, ta baje su gabansa.

"Yaya, don Allah duba mani. Duk abin da ke cikin kwamfutar na haddace. Akwai abin da ya rage?"

Ya lissafa a ransa: in ya faɗa mata, za ta tambayi ubanta, uban kuma zai gane ta bakin wa maganar ta fito. Ya juya shafi ɗaya, ya juya na biyu, ya rufe.

"Ki dai dage da abin da aka ba ku," ya ce. "Allah zai dafa."

Sakamako ya fito. Ɗaliban Sagiru suka ci. Ramlat ta ci komai ban da kemistiri. Ta yi ta kuka tana cewa an kawo tambayoyin da ba ta taɓa gani ba, mutane suna ba ta haƙuri suna cewa rabo ne. Sai a wani gidan suna ta haɗu da Sumayya, ɗalibar Sagiru, wadda ta ce mata ai waɗannan tambayoyin su suka fi sauƙi, Malam ya ɗauki makonni yana koya musu. Daga nan ta bi diddigi har ta ji yadda aka yi a zaman kwamiti.

Sagiru ya shirya ya tafi Safana jaje, da hularsa sabuwa. Ya tarar da Malam Badaru a zaure, ya tsuguna nesa da tabarma, ya soma jero gaisuwa, ta gida da ta gona da ta haƙuri. Bai kai ƙarshe ba Ramlat ta fito daga cikin gida ta tsaya a kansa.

"Yaya, a gaban Baba nake tambayarka. Babin kabon yana cikin manhaja?"

Ya sunkuyar da kai. "Yana ciki."

Malam Badaru ya ajiye carbinsa. "Wane babi?"

"Wanda ka ce a cire, Baba," in ji Ramlat.

Tsohon ya juya ga surukinsa.

"Ka sani tun ran nan? Ina tambaya ko akwai mai magana, kana zaune?"

"Baba, nauyinka na ji."

"Nauyina! Da ka hwaɗa mani gaban mutane, kunya ce zan ji, in ci abincina in kwana. Makaranta nawa na zuba wa wanga abu? Ɗiyan mutane nawa?"

Sagiru ya ƙara duƙawa, goshinsa kamar zai taɓa ƙasa. "Allah shi huci zuciyar Baba. A gafarce ni."

Ramlat ba ta ɗaga murya ba.

"Baba bai sani ba ya cire. Kai na kawo maka littafina har gida, ka buɗe, ka rufe."

Ta juya ta shige ciki. Malam Badaru ya lalubi sandarsa ya bi bayanta. Sagiru yana nan tsugune a zaure, don ba a sallame shi ba.