Hoton Auta a Hawa na Tara

Ina durƙushe da allurai a bakina, ina kama ƙafar sabon wandon Auta, ya sako mini labarin.

"Yaya, sun ɗauke ni. Ba ma'aikaci ba fa, abokin tarayya. Ina cikin masu ofishin, sunana zai hau jikin ƙofa."

Na zare alluran ɗaya bayan ɗaya don kada in haɗiye. Auta ƙanena ne, ni na goye shi bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma da keken ɗinkin nan na tura shi har ya sa baƙar rigar lauya. Shekara tara yana wani ɗan ofishi a saman shagon mai gyaran fanka, inda fankar ofishin nasa ba ta juyawa. Na san yana da kai. Amma manyan ofisoshin lauyoyi ba sa bin lungu-lungu suna neman masu kai.

"Su suka neme ka, ko kai ka je?"

"Su suka kira. Faɗaɗawa suke yi, ni ne na uku a bana. Ofisoshin babban birni sun fara buɗe rassa a nan, kowa na tara hannu kada a haɗiye shi."

"To a ina suka san ka?"

Ya yi dariya. "Yaya ke nan! Ke ko ruwa aka miƙo miki sai kin leƙa gindin kofi."

Tari ya taso daga ɗaki, mai tsawo, irin wanda sai ka riƙe numfashinka kana jira ya ƙare. Maigidana ne. Shekara goma sha shida ya yi a ɗakin narka dalma na kamfanin batir, ba takunkumi, ba taga, har hayaƙi ya cinye masa huhu. Shi da abokan aikinsa talatin da ɗaya suka kai ƙara, Auta ne lauyansu. Bayan shekara uku ana ɗage zama, saura mako biyar a fara jin shaidu.

"Shari'ar fa?" na ce.

"Tana nan." Madubi yake kallo, ba ni ba. "Ki ɗan ƙara rage nan."

* * *

Ranar da aka yi masa liyafar maraba na sa kayana na fita kunya, na hau na'urar da ke kai mutum sama har hawa na tara. Ko'ina gilashi, ga sanyi, ga shimfiɗar da ke shanye ƙarar takalmi. Ban yarda da wurin da ba a jin tafiyar mutane ba.

An jera hotunan sababbin abokan tarayya a bango. Na Auta ne a ƙarshe, ya yi kyau, har ƙwalla ta zo mini. Sai idona ya koma kan na kusa da shi. Mace ce mai farin tabarau, kuma na san ta. Mun sha zama a benci ɗaya a harabar kotu. Ita ce lauyar mutanen unguwar bayan kamfani, waɗanda rijiyoyinsu suka lalace. Wata huɗu ke nan ban sake jin ɗuriyar shari'arsu ba. Na gaba da ita wani mai sanƙo ne, shi ma fuskarsa ba baƙuwa ba ce, shi ya taɓa tsaya wa matan direbobin kamfanin.

Na ce wa zuciyata, gari ɗaya ne, kotu ɗaya ce, dole fuskoki su maimaitu. Ina cikin lallashin kaina na hango wani allon gilashi a kan wani tebur, cikin kyaututtukan da aka ba ofishin. A jikinsa akwai jar walƙiya a cikin zobe. Tambarin kamfanin batir ne, kuma ba da ido kawai na san shi ba, da allura na san shi. Shekara goma sha shida ina maida shi aljihun rigar aikin maigidana duk sanda ya ɓalle.

"Ke ce yayar?" Babban lauyan ne, mai ofishin, dattijo mai taushin murya. "Sannu da ƙoƙari, kin yi tarbiyya. Tun ranar da na karanta takardun da ya shigar a maganar batir ɗin nan na ce wannan yaron bai kamata a bar shi a waje ba."

Na yi godiya, don haka aka koya mini.

* * *

Na ja Auta zuwa sabon ofishinsa na tura ƙofa.

"Ka sani?"

"Yaya, ba su ke tsaya wa kamfanin a kotu ba. Wasu ayyukan dabam suke yi masa."

"Ban tambaye ka wannan ba."

Ya zauna a bakin tebur. Ya ce ƙa'idar aiki ce, ofishi ɗaya ba ya yi wa mutum aiki kuma ya yi ƙararsa. Kafin a ɗauke shi sai da ya rubuta sunan duk wanda yake tsaya wa, suka soke ɗaya, shari'ar ma'aikatan batir, ya sa hannu.

"Zan miƙa ta ga wani lauyan."

"Wane?"

"Ina nema. Uku sun ce ba za su iya ba. Takardun da yawa, lokaci kuma ya ƙure."

"Mai tabarau ma haka ta ce wa masu rijiya?"

Ya ɗago a fusace. "'Ya'yana uku, Yaya! Shekara tara ina hawa matakalar nan. In ban karɓa ba, wani zai karɓa."

"Wani ba zai karɓa ba, Auta, don ba wani suke so ba. Kai ne ke riƙe da takardun."

Na dubi ƙafar wandonsa, ɗinkina ya zauna daidai, ko zare bai fito ba. Ban taɓa jin haushin aikin hannuna ba sai ranar.

* * *

Da la'asar ɗin Laraba motar ofishinsu ta kawo kwali ɗaya, an ɗaure shi da kyau. Hotunan huhu talatin da biyu ne a ciki, da takardun asibiti, da bayanan shaidu. Mutum huɗu daga cikin masu hotunan sun riga sun rasu.

Maigidana na zaune a tabarma, ya jingina da bango, don ya daɗe ba ya iya kwanciya miƙe.

"Daga Auta ne?" ya tambaya.

"Daga shi ne."

"Allah ya yi masa albarka. Yanzu da ya shiga cikin manya, ai kamfanin nan ya shiga uku." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari.

Na fasa gaya masa gaskiya. Da tarin ya lafa ya ce bangon na cin bayansa, ko da abin da zan kara masa. Filo biyu sun yi laushi, ba sa riƙe shi. Na jawo kwalin na tura tsakaninsa da bango, na ɗora filo a kai.

Ya jingina a hankali, ya lumshe ido.

"Yawwa," ya ce. "Wannan ya tsaya mini."