Ranar da Inna Tsahara Ta Hau Gadon Likita

A zamanin mulkin Faransa, bayan ambaliya ta tashi tsohon garin Maradi, labari ya zo cewa sanƙarau ya ɓullo daga yamma. Lokotoro, wato likita Bature, ya sa aka kafa bukkoki bayan gidan likita, aka kuma kawo gadon ɗaukar marasa lafiya, na tamfol da sanduna biyu. Maman Lawali, ma'aikacin jinya, shi aka ɗora wa koya wa mazan da aka turo daga Tsibiri da Jiratawa yadda ake ɗaukar wanda wuyansa ya sanƙare ba tare da an jijjiga shi ba.

Sai dai babu wanda ya yarda ya kwanta a gwada da shi.

"Wannan ai makara ce," in ji Nomau, wani manomin Jiratawa. "Talle, kai ka kwanta, ka girme ni."

"Girmanka na yi, ban ce na gaji da duniya ba," in ji Talle.

Suka fara naɗe tabarminsu, kowa na zancen gonarsa. Maman Lawali ya san abin da zai biyo baya. In suka tafi ba su koya ba, a kan jakuna za a riƙa kawo majinyata, kamar yadda aka ɗauko ƙanwarsa Rabi daga Tsibiri a annobar baya, ta cika a hanya.

Ana haka mahaifiyarsa, Inna Tsahara, ta iso da furarsa. Ta saurara, ta ajiye ƙwarya, ta tuɓe takalmi, ta gyara zane, ta miƙe a kan gadon.

"Haba Inna!" in ji Maman Lawali.

"Yi mini shiru, Lokotoro," ta ce, don haka take tsokanarsa. "Da Rabi ta sami irin wannan, ko ba ta kai ba, da ba ta sha wuyar da ta sha ba. Ku ɗauka."

Kunya ta kama mazan. Suka ɗaga ta bisa kafaɗa yadda suka saba ɗaukar makara, suka zabura da sauri, Talle har ya fara salati.

"Kai, ku tsaya!" in ji tsohuwar. "Wa ya ce muku kushewa muka nufa?"

Dariya ta kusa kayar da Nomau. Maman Lawali ya sa suka sauko da gadon zuwa ƙugu, ya naɗe mayafi ya tallafe mata wuya, ya nuna musu takun sannu. Suka yi ta zagaya bukkokin har ƙafafunsu suka daidaita.

"To, ku kai ni gida Sabon Gari," ta ce, "mutane su ga ana hawa a sauka."

A hanya dattawa suka mimmiƙe daga dakali suna zaton gawa ce, ita kuwa tana ɗaga musu hannu: "Sannunku da hutawa!" Maman Lawali na tafe a gefenta, tafinsa a ƙarƙashin ƙeyarta. Sai a ranar ya lura furfura ta gama cika mata kai.