Ranar da Kubura Ta Fita Takaba

Kubura ta tsoma hannu a bokiti ta ji ruwan ya yi daidai, sannan ta koma ɗaki ta sunkuya ta ɗago Inna daga kan katifa. Zanin ya sake jiƙewa. Ta naɗe shi da ƙafa ta tura bayan ƙofa.

"Sanyi ake yi," in ji Inna.

"Da ɗuminsa, Inna. Taka a hankali."

Daga ɗakin zuwa banɗaki taku goma sha biyu ne ga mai lafiya. Su kan ɗauki minti biyar. Ta zaunar da surukar tata a kan 'yar kujerar roba, ta cuɗa mata baya da soso, ta wanke tsakanin yatsun ƙafa inda fata ta fara tsagewa. Shekara uku ke nan tana wannan aikin, tun da ruɗewar tsufa ta kama Inna. A da akwai mai riƙe ɗaya kafaɗar. Mijinta Ɗayyabu ba ya fita ofis sai ya ga an shafa wa mahaifiyarsa mai, an ɗaura mata ɗankwali.

Wata huɗu da kwana goma da suka wuce ya yanke jiki ya faɗi a bakin teburinsa a sakatariya. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

"Ɗayyabu ya karya kuwa?" Inna ta tambaya, ruwa na zuba daga haɓarta.

"Ya karya. Ya fita da wuri."

"Yaron nan ba ya zama."

Sau bakwai ko takwas take wannan tambayar a yini. A makon farko Kubura takan faɗa mata gaskiya. Kowane lokaci Inna sai ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu kamar yanzu aka shigo da gawar, ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta yi barci, ta farka ta sake tambaya. Limamin unguwa ne ya ce a daina. Tun daga nan Ɗayyabu kullum yana ofis, ko ya tsaya masallaci, ko cunkoson motoci ya riƙe shi a Gyadi-Gyadi.

Kubura ta dama koko, ta zauna tana ba tsohuwar da cokali. Inna ta karɓi huɗu, ta tofar da na biyar a kan hijabin Kubura. Ƙwayar hawan jini kuma sai da aka daka ta aka ɓoye a cikin ayaba. A waje motar 'yan siyasa ta wuce da lasifika, ana waƙar ɗan takarar kansila, har kwanon rufi yana amsawa.

Da hantsi maƙwabciyarsu Zainab ta shigo da kibiya da man kitso.

"Yau dai sai kin zauna," ta ce. "Kan nan ya yi wata huɗu ba a taɓa shi ba. Kin yi wankan?"

"Na yi tun asuba."

"To Allah ya jiƙan Malam Ɗayyabu, ya sa ya huta. Ke kuma ya ba ki wani madadin."

Kubura ta ce amin a ciki. An yi layi uku na kitson sai suka ji ƙarar faɗuwar kwano. Inna ce ta rarrafo har bakin murhu tana laluben tukunya, wai za ta ɗora wa mai gida abinci, mai gidan da ya rasu tun zamanin soja. Gefen zaninta ya kusa taɓa garwashi. Kubura ta janye ta, ta kashe wutar da ruwa. Da ta dawo, Zainab ta riga ta tattara kayanta, ta ce za ta leƙo da yamma su ƙarasa.

Bayan azahar yayanta Haruna ya iso. Ya rufe shagonsa na kayan gyaran mota ya zo da kansa, ya tsaya a zaure yana kaɗa makulli.

"Ina kayan naki? Baba ya ce kada na koma Daurawa sai da ke."

"Yaya, shigo ka zauna tukuna."

"Ba zama na zo yi ba. Idda ta ƙare. Ba ki da ɗa a gidan nan, ba ki da gado a cikin ginin nan. Me kike jira?"

"Inna fa?"

"Ba ta da wani ɗan ne? Ina Isyaku?"

Ya ciro wayar salularsa ya kira ƙanin Ɗayyabun, wanda ke aiki a Fatakwal, ya miƙa mata. Muryar tana yankewa tana dawowa.

"Anti Kubura, wallahi ina sane. Matata ta ce ba za ta iya ba, ga yara, ga ɗaki biyu. Ana neman mata mai aiki. Ki ƙara haƙuri zuwa bayan zaɓe, hanya ta lafa."

"An kawo biyu, Isyaku. Ɗaya kwana uku ta yi, ɗaya ko kwana ba ta yi ba."

"Za a samu, in sha Allah. Ki ƙara..."

Layin ya katse. Haruna ya karɓi wayarsa ya zura a aljihu.

"Kin ji ko? Bayan zaɓe sai bayan salla, bayan salla sai bayan damina. Shekarunki talatin da huɗu, Kubura. Makarantar da kike koyarwa a Unguwar Gano sun sa wata a ajinki. Haka za ki ƙare, kina wankin fitsarin uwar wani?"

"Uwar Ɗayyabu ce."

"Ɗayyabu yana kabari."

Ya faɗa da ƙarfi fiye da yadda ya yi niyya. Dukansu suka juya suka kalli tsakar gida. Inna tana zaune a tabarma tana tsince zaren bakin zaninta, ba ta ko ɗago ba.

Kubura ta shiga ɗaki. Akwatinta yana nan a ɗaure tun jiya, da buhun kwanuka a gefensa. Ta ɗaga akwatin ta kai har tsakar gida. Daga nan tana ganin murhu, da rijiyar da murfinta ya karye, da ƙofar zaure wadda Inna ta taɓa ficewa ta cikinta aka tsinto ta a Unguwa Uku ba takalmi. Ta daɗe a tsaye, hannun akwatin yana cin tafinta. Sai ta ajiye shi a gindin bango.

"Yaya, ka ce wa Baba ya yafe mini. Ba yau ba."

"Sai yaushe?"

Kubura ta juya ta kalli Inna. Ya girgiza kai, ya ce Allah ya kyauta, ya fita. Ta ji tashin motarsa har ta sha kwana.

La'asar ta yi, Zainab ba ta dawo ba. Kubura ta ɗaura ɗankwali a kan rabin kitson, ta ɗebo ruwa a buta, ta durƙusa gaban Inna tana yi mata alwala. Ta wanke hannun dama, ta kama na hagu. Tsohuwar ta tsura mata ido, irin kallon da ake yi wa baƙo a bakin ƙofa.

"Yarinya, ke 'yar gidan wa ce?"

Butar ta tsaya a hannun Kubura. Inna ta manta ranaku, ta manta sunayen jikokinta, amma ba ta taɓa manta ta ba sai yau.

"Ni ce Kubura, Inna. Matar Ɗayyabu."

Inna ta yi dariya, dariya mai daɗi wadda rabon da a ji ta a gidan tun kafin rasuwar.

"Ke dai da zolaya. Ɗayyabu ai bai yi aure ba." Ta shafa kumatun Kubura da jiƙaƙƙen hannunta. "Amma kina da hankali, ga ladabi. Ki ɗan jira shi, kada ki tafi. In ya shigo zan ce masa na yi masa mata."

Kubura ta sunkuyar da kai. Ta jawo ƙafar Inna ta dama ta ɗora a cinyarta, ta zuba ruwa.

"To, Inna," ta ce. "Zan jira."