Ƙahon Lasifikar Masallacin Tamawa

Mutawakkil ya ci amanar masallaci. Shi aka damƙa wa makullin ɗakin da ake ajiye akwatin lasifika da batir, shi ne kuma ya hau dalbejiyar masallacin ya kwance ƙahon, ya ba 'yan siyasa aro suka ɗaura a kan mota.

Tsohon ƙaho ne na ƙarfe, bakinsa duk ya lotse, dattawa amsa-kuwwa suke ce masa. Amma in aka hura makirufo aka fara sanarwar rasuwa, har masu noman rani sai sun ajiye fartanya.

Ran nan da hantsi Malam Ɗanmusa ya rasu. Aka yi masa wanka da sutura, aka leƙa ƙofar gida, 'yan tsirarun tsofaffi ne kawai. Maza duk suna fadama, inda waya ba ta samun sabis.

Zaituna, babbar 'yarsa, ta ja mayafi ta tare ƙofar zaure.

"Kawu, ba za a fita da Baba ba."

"Ke Zaituna, gawa ba ta jira," in ji kawunta, wanda shi ne liman.

"Na sani, Kawu. Amma mutumin da bai taɓa jin sanarwar wani ya ci gaba da noma ba, shi za a kai kamar baƙo? A kira Mutawakkil."

Mutawakkil ya zo yana sosa ƙeya, ya ce waya ce ta tsinke, ƙahon yana wurin gyara a Kurfi.

"Ƙarya kake yi!" in ji Zaituna. "Jiya a Dutsin-Ma na ji shi da kunnena yana waƙar ɗan takara. Tun ina yarinya na san kakarinsa."

Liman ya dube shi. Mutawakkil ya sunkuyar da kai.

"Hau babur ka ɗauko," in ji liman.

Zaituna ba ta gusa ba. Mata suka yi ta lallashinta daga ciki, ta ƙi. Sai da aka ɗaura ƙahon, aka jona batir, ta ji sunan mahaifinta ya karaɗe gari, sannan ta ba da hanya ta fashe da kuka. Maza suka riƙa ɓullowa da taɓo a ƙafa, sahu ya kai bakin hanya.

Da aka dawo daga maƙabarta, liman ya karɓe makullin a gaban jama'a. An cire Mutawakkil daga kwamitin masallaci, an hana shi taɓa makirufo har abada.