Kwaɗon Gindin Randa

Yaya Rabi'atu, ta sha! Wallahi ta sha, ludayi bayan ludayi, har tana riƙe mani hannu kada in janye. Yanzu haka tana zamne inuwar rumbu tana lasar kunu. Bari in faɗa maki tun daga farko, don labarin da ya ishe ku Kebbe rabi na. Ki yi haƙuri da rubutun, sauri nikai.

Kin san yarinyar, ta farin nan tawa wadda ba ni faɗin sunanta. Damina takwas gare ta, har yau tana fitsarin kwance. Ni bai dame ni ba, iyaka in shanya tabarma. Amma Inno, uwar maigida, tun da munka dawo gidanta nan Tambuwal kullum safiya sai ta leƙo ɗakinmu tana toshe hanci. Tac ce gidansu ba a taɓa barin ɗiya ta kai wanga girma da zarni ba. Da maigida ya kora jakai zuwa kasuwar Jega, sai tac ce lokaci ya yi.

Ta jirkita randa ta kamo kwaɗo, ƙaton nan mai ƙuraje da ka laɓewa wurin sanyi da bazara. Tas saka shi tsohuwar tukunya, tar rufe da faifai, ta aza ɗan dutse, ta aje nan gindin randa. Tak kira yarinyar tac ce mata duk safiyar da anka ishe tabarma jiƙe, za a ɗaura mata shi ga ƙugu, a aza mata tabarmar bisa kai, ɗiyan unguwa su zaga da ita har bakin ganuwa suna yi mata waƙa. Wai ita ma haka anka yi mata, ga ta nan ba ta mutu ba.

Ina tsaye ina tankaɗe, na ci gaba da aikina. Ɗiyar fari ta, kin san ba ni da baki kanta gaban uwar miji.

Da safe tabarma bushe. Wanshekare ma bushe. Inno ta bi maƙwabta tana faɗin magani ya ci tun ba a ɗaura ba. Ni ma na ji daɗi. Sai dai gidan ya yi wani irin shiru, yarinyar da ka cika muna kunne da surutu ta daina. In an aike ta ɗebo ruwa sai ta tsaya nesa da randa tana murza zane. Da rana tsaka, in kowa ya gincira inuwa, kina jin abin nan yana bugun faifai daga ciki, ya yi shiru, ya sake. Inno kan yayyafa mashi ruwa wai kada shi mutu kafin ranarshi.

Sannan nag ga akuya tana lasar ƙasa bayan danga, ashe nan take zubar da kokonta. Leɓenta ya tsage, idanu sun faɗa. Ko da rana ba ta zagayawa bayan gida. Na miƙa mata ƙwaryar ruwa a ɓoye, ta kai baki, ta maido mani cike. Ga zafin nan da ko kaji baki buɗe suke yawo.

Jiya da hantsi muna sussuka tana kore muna kaji, sai naj ji tim. Ta faɗi bakin turmi. Jiki zafi rau, ba gumi ko ɗigo, harshe kamar ƙirgi. Inno tac ce iska na, a nemo turare. Na'iya maƙwabciyarmu ta ɗebo ruwa ta kai mata baki, ta datse haƙora. Ba ta duban kowa, tukunyar take kallo. Na sunkuya naj ji abin da take faɗi can ƙasa.

"In na sha za ya fito."

Yaya, ban san sa'ad da bakina ya buɗe ba. Gaban Inno, gaban matan da sunka shigo, na ɗauke ta na aza bisa cinya, na kira ta da sunanta.

"Tambaya, dube ni, ni ta innarki. Sha ki jiƙa tabarma, ni ka wankewa."

Wata tsohuwa tac ce yau ga wadda ta zubar da kunya. Yarinyar dai ba ta buɗe baki ba. Sai na miƙa ta ga Na'iya, nad ɗauki tukunyar naf fita ko lulluɓi babu, har bakin rijiyar unguwa, na juye kwaɗon cikin laka. Na dawo na nuna mata cikin tukunyar wayam, ta saka hannu ta shafa da kanta. Sannan ta karɓi ludayi.

Kaɗan-kaɗan munka ba ta, Na'iya tac ce in an ɗura mata za ta amayo. Da la'asar ta nemi kunu. Yau da safe tabarma jagab har ƙasa, ban taɓa murnar zarni haka ba. Na yanke yadda za ni yi: da rana ta sha iya sonta, bayan magariba a rage, in zagaya da ita kafin ta kwanta, in zuba yashi ƙarƙashin tabarma. Har Allah shi yanke mata, kamar yadda ya yanke ma Atiku ƙanenmu da ya fara fita kiwo yana yi.

Sai dai tun jiya Inno ba ta ce mani komi ba. Ko faɗa ba ta yi ba, shi na abin da ka ba ni tsoro. Ta dai gaya ma Na'iya in ɗanta ya dawo daga Jega za a san mai gidan nan. Ga hadari ya fara haɗuwa gabas, ruwan farko na sauka kowane kududdufi ya cika da kwaɗi, ba ni iya juye duka.

Don Allah ki tashi yanzu ki kai ma Inna mahaifiyarmu wagga takarda ki karanta mata. Ki ce ta aiko Atiku da jaki, ta roƙi a ba ta jikarta ta yi damina Kebbe. In kaka ta roƙa, Inno ba ta iya hanawa gaban mutane. Kada ki bari zancen shi kwana wurinki.