Abin da Malam Daudu Ya Gani a Saman Gonarsa

Bayan la'asar ne Malam Daudu ya ga wani abu a saman gonarsa, bayan garin Gwiwa. Zagayayye ne, fari fat, ba ƙara, ba hayaƙi. Ya tsaya cak, sannan ya yi arewa. A kasuwa dariya aka yi masa, amma da yake iyakar Nijar ba nisa, maganar ta kai kunnen sojoji.

Wani kyaftin mai suna Levi aka turo. Tsohon ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa Bahijja, matar ɗansa, ta dama fura.

"Baba, girmansa kamar me?"

"Kamar rufin rumbu. Yaro, ka taɓa aiki a Barno?"

"Yau ni ke tambaya, Baba," in ji Levi yana dariya. "Yana da fitila?"

"Babu. Ka san wani soja Zaharaddin?"

Zaharaddin ɗan Malam Daudu ne, mijin Bahijja. Tun da aka kai wa sansaninsu hari shekarun baya, ba a ce ya rasu ba, ba a ce yana raye ba. Bahijja ba ta yi takaba ba, ba ta kuma da miji.

Levi ya ajiye ludayi. "Baba, ka ga abin nan kuwa, ko mu kake son gani?"

"Wallahi na gan shi. Amma na yi murna, don na san za ku zo. Na sha zuwa bariki, a ƙofa ake tsayar da ni."

Da tsohon ya faɗi sunan sansanin, Levi ya gane wurin nan take. Yana cikin waɗanda aka tura can bayan harin.

"Ban san ɗanka ba, Baba, kuma ba zan ce na ga gawarsa ba. Amma ba mu tarar da kowa da rai ba."

"Ai wasu sun gudu daji."

"Sun gudu."

Daga bayan zana Bahijja ta ce, "Ranka ya daɗe, waɗanda suka gudun sun koma gida?"

"Waɗanda na sani, tun a shekarar suka koma."

Malam Daudu ya zuba wa hanyar gari ido, inda wani ɗan acaɓa ke tahowa da fasinja. Bai ɗauke kai ba sai da suka wuce ƙofar gidan.

"Bahijja," ya ce a hankali, "ki shirya. Gobe mu je wurin liman kan maganar takabarki."