Ranar da Haliru Ya Ba da Hannu a Kan Ruwa

Shekara goma sha tara Haliru ya yi yana jan bas tsakanin Gusau da Funtuwa, kuma a duk tsawon shekarun nan babu direban da zai dafa Alƙur'ani ya ce ya taɓa wuce shi. Da zarar wata mota ta matso bayansa ta yi masa ham, sai wuyansa ya kumbura, kunnensa ya toshe, fasinja na salati shi kuwa yana ƙara taka totur. Mutanen Tsafe, garinsu, daga kukan injin suke gane shi, su janye tiren gyaɗa da na rake daga bakin titi.

Ranar da dubunsa ta cika, wani mai tifa ne ya nemi wuce shi dab da shiga Tsafe. Haliru ya ce ai ba a haifi mai yin haka ba. Bas ta ƙare a gonar dawa, taya huɗu suna kallon sama. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, sai karaya uku, ɗaya tasa ce. Mahaifiyarsa, Inna Yelwa, ta iske shi a asibiti. Ko sannu ba ta ce masa ba, ta zura hannu a aljihun rigarsa ta zaro lasin tuƙi, ta ƙulle a haɓar zaninta, ta ce a gaban kowa, "In ka sake riƙa sitiyari ba da izinina ba, ban yahe ba."

To, yin sabon lasin ba abu ne mai wuya ba. Amma maganar ta riga Haliru isa tasha, kuma babu mai motar da zai miƙa makulli ga mutumin da bakin uwa ke rataye a kansa. Shi kansa, duk taurin kansa, bai kai nan ba. Haka ya shekara biyu yana zaman benci, yana kallon yaran da ya koya wa sa giya suna wucewa suna ɗaga masa hannu.

Tsohon ubangidansa, Alhaji Yazid, shi ya tausaya masa. Alhaji ya sayo wani jirgin shan iska ya ajiye a dam ɗin Gusau, mai rumfar tamfol da kujerun roba takwas da ɗan inji a baya, don zagayawa da iyalai ranakun hutu. Aka je aka tambayi Inna. Da aka tabbatar mata jirgin ba shi da sitiyari, kuma jaki ma ya fi shi sauri, sai ta ce a ba shi.

Wata uku Haliru ya yi a kan ruwa, bai taɓa tambayar masuntan wurin komai ba. A ganinsa, mutumin da ya yi shekara goma sha tara a babban titi ba zai zauna ya ɗauki darasin tuƙi daga wanda ko lasin bai taɓa gani ba. Su ma masuntan suka zuba masa ido.

Ana nan sai Alhaji Yazid ya sayi sabuwar bas. Ya kira Haliru ya ce makulli nasa ne in Inna ta janye bakinta kafin Litinin, in ba haka ba zai ba wani. Haliru ya kasa cin abinci. Ya san roƙo ba ya ratsa Inna, sai abin da ta gani da idonta. Don haka ya yanke shawarar ya ɗauko ta daga Tsafe ran Asabar, ya zagaya da ita a jirgi, ta ga yadda ɗanta ya zama mutum mai sanyin hali.

Bayan la'asar suka shiga. Ƙarshen damina ne, ruwa ya cika ya batse har gindin gonaki. Inna ta zauna a kujerar tsakiya, an ɗaura mata rigar ruwa mai ruwan lemo a kan hijabi, ta riƙe ƙarfen rumfa da hannu biyu. Matarsa Rabi'a ta zauna kusa da ita, ta ajiye kular dambu a ƙasa. Haliru ya yi bisimilla da ƙarfi yadda za a ji, ya tayar da inji, jirgi ya kama tafiya kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa.

"Inna, kin ga yadda nike tuƙi yanzu? Sannu-sannu."

"Direba, dubi gabanka," in ji Inna. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa.

Suka yi nisa zuwa tsakiyar ruwa. Iska na kaɗawa, balbelu na tashi daga ciyawa. Har Inna ta saki hannu ɗaya ta karɓi dambu. Haliru yana satar kallon ƙullin haɓar zaninta, zuciyarsa fari ƙal, yana lissafin irin addu'ar da zai sa a rubuta a bayan sabuwar bas.

Sai ya ji ƙara daga baya.

Abin da bai sani ba, kuma da ya gaisa da masunta ko sau ɗaya da ya sani, shi ne duk shekara in ruwa ya cika haka, masu kwalekwalen inji suna yin tsere a ranar. Har daga Bungudu ake ɗoro wasu a tifa a kawo. Ya waiga ya hango guda shida, dogaye sirara, hancinsu a sama, ruwa na tsagewa biyu a gabansu. Kowanne an ɗaura masa injin da ya fi ƙarfinsa, kuma ga su nan sun miƙo saitinsa.

Wuyan Haliru ya fara kumbura. Hannunsa na kan mariƙin inji, inda murɗawa ɗaya ce take ƙara wuta. Maganar gaskiya, ko ya murɗe shi har ƙarshe, jirgin nan agwagwa ma ba zai kamo ba. Amma zuciya ina ruwanta da wannan lissafi? Shekara goma sha tara suka taso masa gaba ɗaya, har gumi ya jiƙa masa hula. Bai taɓa jin azaba irin ta wannan lokaci ba, ko ranar da aka ɗora masa ƙafa.

Ya dubi Inna, ya cije leɓe, ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Ya miƙa hannu waje ya yi alama, ya karkata dama zai sauka gefe, kamar yadda direban kirki yake ba na bayansa hannu.

Can kusa da gaɓa ya hango wata gora a kafe cikin ruwa, an ɗaura mata ganye. A titi, inda ka ga an zuba ganye to mota ce ta lalace ta tsaya. Haliru ya ce madalla, ashe nan ne wurin fakin, ya nufi gorar kai tsaye. Ita kuwa gorar ita ce alamar da masu tseren za su zagaya su koma.

"Kauce! Koma tsakiya!" mai kwalekwalen gaba ya kwarara ihu, yana yarfa hannu.

Haliru ya ɗauka tsokana ce irin ta direbobi. Ya haɗiye ta, ya ci gaba da kaɗa musu hannu cikin mutunci. "Ku wuce, ku wuce, Allah shi kiyaye hanya!"

Da ya zo dab da gorar sai ya ɗaga ƙafa ya taka burki da ƙarfi. Jirgi ba shi da burki, kular Rabi'a ya taka. Dambu ya watse, jirgi ya ci gaba da sulalawa abinsa har cikinsa ya kafe a laka, ya tsaya a gicciye, ya ba ruwa haƙarƙari.

Kwalekwalen farko ya zo ya zagaye gorar da jirgin gaba ɗaya, da ƙyar ya kauce. Igiyar ruwan da ya taso ta daki gefen jirgi ta zubo ciki. Na biyu ya ƙara, Rabi'a, da ta rufe ido tun da ta hango su, tana ta kiran sunan Allah. Na uku ne ya ɗaga kujerar Inna da Inna a kanta ya kife a ruwa.

Haliru ya yi tsalle zai ciro ta, laka ta riƙe shi har cinya, ya tsaya nan yana miƙa hannu yana kiran Inna. Wanda ke gaba a tseren, wani ƙaton mutumin Bungudu mai suna Gambo, shi ya kashe injinsa ya bar nasarar da ke hannunsa, ya faɗo ruwa ya sunkuci tsohuwa ya kai ta gaɓa. Ruwan bai wuce ƙugu ba, amma ta sha rabonta. Sannan ya dawo ya fizgo Haliru, laka ta riƙe takalmi ɗaya.

"Malam, wa ya ba ka jirgi?" in ji Gambo, yana huci. "Ga tsakiyar ruwa hwanƙam, mi ya kawo ka ga alamarmu?"

"Hannu na ba ku," in ji Haliru.

"Hannu? Cikin ruwa?" Gambo ya dube shi sama da ƙasa, ya dubi tsohuwar da ke tari, ya koma wajen kwalekwalensa.

Inna ta zauna a kan wani dutse, ruwa na ɗiga daga hijabinta, Rabi'a na goge mata laka a fuska. Haliru ya tsuguna a gabanta, kai a ƙasa. Ya riga ya sallama bas, ya sallama titi har abada. Kunya da tausayin uwarsa suka cika shi.

Sai ya ga ta jawo haɓar zani. Ƙullin ya jiƙe ya ƙi kwantuwa, ta sa haƙori ta warware shi, ta zaro lasin ta miƙa masa.

Haliru ya karɓa da hannu biyu, idonsa ya kawo ƙwalla. "Inna, ashe kin gani! Kin ga yadda na danne zuciyata na bar su sunka wuce!"

"Mi na gani? Na ga ka juye ni cikin laka."

"Ai kauce musu na yi, Inna."

"Kai za ka kauce ma wani? Ni na haihe ka. Bin su kat tashi yi, jirgi ya ƙwace maka."

"Wallahi, Inna..."

"Kak ka yi rantsuwa bisa ƙarya, ga ruwa ga magariba ta kusa." Ta matse bakin hijabi. "Amshi abinka ka koma titi, na yahe. Halinka dai shina nan, ba ya sakewa. Amma can in ka kayar da mutane, ƙasa suka iskewa, a kwashe su. Wanga ruwa in ka zuba ɗiyan mutane ciki, sai an kwana uku ana biɗa."

Haliru ya juya wajen matarsa. "Rabi'a, ke kin ga sadda na miƙa hannu, ko? Hwaɗa mata."

"Ni Malam idona rufe yake."

Ya waiga wajen ruwa. Masu tseren sun yi nisa, sai kukan injinsu. Ga lasin a hannunsa, wanda ya shekara biyu yana mafarki, ran Litinin kuma makulli nasa ne. Amma murnarsa ba ta cika ba. Sau ɗaya tak a rayuwarsa ya bar wani ya wuce shi, abin ya kusa fasa masa zuciya, kuma duk duniya babu wanda ya yarda ya yi.

"Tashi ka nemo muna mota," in ji Inna. "Ka ce ma direban shi tahi sannu."